Na ɓoye ciwon suga na shiga tseren keke, saura ƙiris in mutu a dajin Gwandu

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son rubuta wanga labari amma duk sanda na ɗauko waya sai nauyi ya kama ni in aje, yau dai na ce komi za a ce a ce. Ba zan kama sunan kowa ba, waɗanda muka yi tafiyar tare in sun karanta za su gane kansu, su yi mani haƙuri.

Ni haifaffen Birnin Kebbi ne. Mahaifina Allah ya jiƙan shi mai gyaran keke ne, ƙarƙashin wani dogonyaro yake zama da akwatin ƙarfe da famfo da tsohuwar tasa ta ruwa wadda ake tsoma tub a ga inda iska ke fita. Tun ina shekara 7 na iya cire taya da liba, in kankare wurin huji in shafa sholisho in jira ya sha iska kafin in manna faci, na iya ɗaure sifok, in boris ya ci daga kukan shi nake ganewa. Phoenix da Raleigh babu wanda ban kwance na mayar ba. Amma a makaranta sunana ɗan mai faci, kuma wallahi sunan nan ya ci mani rai, har ta kai in Baba ya aiko in zo in riƙe mishi aiki sai in zagaya ta bayan layi don kar abokaina su gan ni da baƙin mai a hannu. Na yi wa kaina alkawari in na girma ni da keke sai dai in hange shi a hanya. Baba ya rasu 2012, akwatin nashi na tura ƙarƙashin gadon Inna ko buɗewa ban yi ba.

Allah kuma ya ba ni abin da na roƙa. Da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a nan Birnin Kebbi ƙarshen 2015 na shiga da ƙarfina, ina na rani ina na damina a fadama, shekaru a jere noman ya karɓe ni. Na sayi mashin sabo dal, na sayi injin ban ruwa 4, na gyara gidanmu, 'yan unguwa suka fara ce mani Alhaji tun ban je ba ni kuma ban hana ba. Duk wanda ya zo da kuka hannuna na aljihu. In gaya muku gaskiya ba duka don Allah nake yi ba, so nake a manta da ɗan mai faci.

Sai damina ta 2020. Wanda ke Kebbi lokacin ba sai na ba shi labari ba, ƙarshen Agusta zuwa Satumba gulbi ya cika ya batse, tun daga Argungu har Bagudo da Yauri ruwa ya shanye gonaki, gadoji suka karye, mutanen ƙauyuka suka koma kwana a makarantu. Ni kuma shekarar ce na faɗaɗa, na ci rance a kan rance, har kuɗin mutane na karɓa da sunan in an girbe mu raba riba. Shinkafa ta yi ciki ta fara fidda kai kenan. Ranar da na je dubawa a kwalekwale muka bi ta saman gonar, mai tuƙin yana caka gora cikin ruwa yana cewa "Alhaji ina jin nan ne iyakarka", ko ganye ɗaya ban gani ba. Na dawo gida na yi wanka na zuba babbar riga na fita majalisa ina raha, da aka jajanta mani na ce ai ni ɗan kaɗan ya taɓa ni.

Wannan ɗan kaɗan ɗin shi na yi ta faɗa shekara uku. Injina na sayar ɗaya bayan ɗaya, da dare ake zuwa ɗauka, gonar ma ta tafi. Barci ya ƙaurace mani. Cikin 2021 na fara rama, ga ƙishirwa kamar na haɗiyi garwashi, fitsari sau biyar sau shida kafin asuba, ido yana mani hazo-hazo. Wasu su ce tunani ne wasu su ce an sa mani hannu. Sai da wani ƙurji a ƙafa ya ƙi warkewa sannan na je asibiti, aka ce in dawo da safe ban ci komi ba, aka gwada aka samu 240 da wani abu, alhali kafin karyawa in ya riƙa kai 126 ma an shiga layin masu ciwon suga. Aka ɗora ni kan metfomin, da bai sauka yadda ake so ba aka ƙara mani wata ƙaramar ƙwaya gilibenkilamaid. Likita ya yi bayani kuma na tabbata ya taɓo batun faɗuwar suga, amma kunnena bai wurin, lissafin da nake kawai wa da wa za su ji. Mai ɗakina kaɗai na gaya wa, na ce in Inna ta ji ban yafe ba. Maganin ma cikin tsohuwar robar man shafawa nake ɓoye shi.

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce an cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin Yuli ya ƙare ta wuce 600. Mashin ɗin nan shi ne abu na ƙarshe da ya rage mani na Alhaji, na yi ta lallaɓa shi da rabin lita rabin lita, ƙarshe wani mai bina bashi ya karɓe shi a bakin kuɗin shi. Da ɗan cikon da ya ba ni na sayi keke mai giya ɗan Kwatano. Ina ce wa mutane motsa jiki nake, ai yanzu manyan 'yan boko shi suke yi. Da asuba nake fita can wajen Dukku inda ba mai ganina. Abin mamaki suga ya fara sauka, barci ya fara dawowa, kuma ranar farko da sarƙa ta tsinke mani hannuna ya haɗa ta tun kafin kaina ya tuna yadda ake yi. Na dawo na shiga ɗakin Inna na jawo akwatin Baba, ta bi ni da ido ba ta ce uffan ba.

A wajen nan na haɗu da wasu matasa 'yan keke, ma'aikata da ɗalibai, da hular kwano da matsattsun kaya masu sheƙi. Na gyara wa ɗayansu giyar da ke mishi tsalle, shi kenan suka jefa ni guruf ɗinsu na WhatsApp suna ce mani Kawu. Su ke turo bidiyon tseren daji na ƙasashen waje, a nan na san Cape Epic na Afirka ta Kudu wanda aka fara 2004, kwana 8 ana hawan duwatsu, mutum biyu-biyu, kuma doka ce kar tazararka da abokin tafiyarka ta wuce minti 2. Da wani na Kenya da ake yi a dajin Masai Mara, kilomita 650 cikin kwana 4, mutum na tuƙi namun daji na tsallaka hanya a gaban shi. Sai manyan cikinsu suka ce to mu ma ai muna da daji, suka shirya namu cikin hunturu bayan an kwashe amfanin gona. Kwana 3 ne, daga Birnin Kebbi a bi fadama zuwa Argungu, washegari a yanki daji zuwa Gwandu a kwana Aliero, rana ta uku Jega, Kalgo, gida. Sharaɗi ba a hawa kwalta sai in tsallakawa za a yi. Kuma a faɗi gaskiya sun yi shiri, sun bi hakimai da dagatai sun sanar, ga 'yan sa-kai a mashin gaba da baya, ga a-kori-kura mai kwasar wanda ya gaza, ga ma'aikacin jinya guda, ga zango duk bayan kamar kilomita 20 da ruwa da dabino da ayaba. Akwai waɗanda suka zo daga Sakkwato, akwai mutum biyu daga Gusau da suka ce rabon su da shiga daji da keke har sun manta saboda halin da ake ciki can.

A fom ɗin rajista akwai wurin da aka ce in kana da hawan jini ko suga ko asma ko farfaɗiya ka rubuta. Na riƙe biro na daɗe. Abin da ya zo mani a rai za su ce Kawu a huta a gida, ko su sa ni a mota ina miƙa wa yara ruwa, sannan magana ta zagaya gari, Alhaji ya karye ga kuma ciwo ya kama shi. Na rubuta babu. Mai ɗakina ta ce "Malam don Allah ka gaya masu, ko mutum guda ne", na daka mata tsawa na ce ita ce likitan ko ni ke da jikina. Ba ta ƙara magana ba, ashe ta ƙulla sugan kwali a leda ta tura cikin jakata. Daren tafiya na gani na cire na aje mata kan taga, wai ni mai suga mi zan yi da suga.

Mu ma biyu-biyu aka yi mu. Aka haɗa ni da wani ɗalibi ɗan shekara 22, yaro mai ladabi, tayar keken shi ko tub babu, wani ruwa kamar madara ake ɗura mata in ƙaya ta huda ya toshe da kanshi. Na daɗe ina jujjuya tayar nan ina cewa da Baba na da rai ya ga abin da zai kashe mishi kasuwa.

Ranar farko daɗi. Bayan sallar asuba aka busa usur, mu wajen 40, sanyi na yanka kunne hazo ya rufe gari. Muka gangara fadama ta wajen Zauro da Ambursa. Wanda bai taɓa tuƙa keke a fadama da rani ba ba zai gane ba, laka ta bushe da sawun shanu a cikinta ta zama kamar bakin zarto, keke na girgiza har haƙoranka na haɗuwa, ka fita wannan ka faɗa rairayi taya ta nutse ka sauka ka tura, ka ɗan samu sarari sai ga hanyar ruwa ta masu noman rani dole ka saɓa keke a kafaɗa ka tsallake. Rairayi dabara gare shi, ka rage iskar taya kaɗan, ka sa giya mai sauƙi, ka mayar da nauyinka baya, kar ka fizgi kan keke kuma komi wuya kar ka daina feda, kana tsayawa ka nutse. Yaran da ƙarfi suke shiga su kife, ni ina lallaɓawa ina wuce su. Sai ƙaya, tsidau da ta aduwa da farar ƙaya, a burtali ɗaya mutum 6 suka yi faci ni na liƙe huɗu ina yi ana ɗaukata bidiyo. Mun ratsa ta gefen tsohuwar gonata, masu ita na yanzu suna ta dashe injin na ta kuka, na kau da kai na ƙara feda.

Duk zangon da muka tsaya a miƙo dabino da ayaba da lemon kwalba in ce ni ba na son zaƙi, ruwa da 'yar gyaɗa kawai. Muka wuce Alwasa muka shiga Argungu bayan azahar, aka je Matan Fada inda ake bikin kamun kifi muka tsoma ƙafafu a ruwa ana ta hotuna. Daren nan yabo na sha, Kawu ƙarfe ne, Kawu ya fi mu jini a jika, rabon da in ji ana yabona tun kafin ruwa. Tuwon shinkafa aka kawo na ɗan taɓa kaɗan saboda an ce mani kar in riƙa cika shi, na faki ido na zagaya bayan masallaci na haɗiye magani. Can cikin dare na farka sharkaf da zufa cikin sanyin nan, gabana na dukan uku-uku, na ce gajiya ce na gyara kwanciya.

Da safe shayi ne an haɗa shi da suga a babbar tukunya, da burodi da ƙosai. Na ɗauki ƙosai 3 na kora da ruwa, na sha maganina cif yadda na saba. Hanyar Gwandu ba fadama ba ce tudu ne, marmara da jan burji da kwazazzabai da gonakin gero da aka girbe, kututturen kara na tsaye yana jiran taya. Zangon farko lafiya lau. Bayan shi da kamar awa ɗaya, wajen ƙarfe 11, na ji hannuna na rawa a kan birki. Sai yunwa, ba irin wadda kuka sani ba, kamar an sa hannu an yashe mani ciki, ga zufa mai sanyi, leɓena na tsitsitsi. Yaron ya matso ya ce "Kawu lafiya kuwa?" na ce mishi ka kula da gabanka, da faɗa, ni da ban taɓa ɗaga mishi murya ba. Daga baya na ji ashe saurin fushin ma yana cikin alamun. Ina hangen ƙullin dabino a aljihun bayan rigar shi, in buɗe baki kawai in ce ba ni, amma zuciya na ce mani jiya ka ce ba ka son zaƙi, in ka nema yau zai tambayi dalili. Kun ji fa. Mutum na mutuwa yana lissafin abin da za a ce a majalisa.

Daga nan hanya ta rabu biyu a idona, yaron ma ya zama biyu. A wata gangara na so in kama birki hannu ya ƙi, ban san yadda aka yi ba sai jina na yi a ƙasa baki cike da jar ƙasa, kafaɗa ta bugu, hular kwano ta tsage, ba don ita ba da wani labarin ake. Kuma wurin ya zo a tsakiya, na gaba sun yi nisa, motar baya tana can tana fama da wani da wilin shi ya lanƙwashe, waya ba sabis. Ina jin yaron yana salati yana girgiza ni, ina so in yi magana harshe ya yi nauyi kamar na ɗan maye. A nan kwance cikin turɓaya abin da na ɓoye shekara biyu da rabi ya fito, na ce "suga... suga gare ni".

To ga inda nake so kowa ya buɗe kunne. Akwai ruga kusa da wurin, wata dattijuwar Bafulatana ta taho da ƙwaryar fura da nono a kai za ta cikin gari talla. Ta sauke ta leƙa fuskata ta ce "wanga yunwa ta ka da shi", ta ɗebo nono a ƙaramar ƙwarya ta kwance ledar suga tana zubawa. Yaron ya tare ta da hannu bibbiyu yana cewa "Inna kar ki ba shi, ciwon suga gare shi, kashe shi za ki yi!" Kuma ba laifin shi ba ne wallahi, abin da ya sani kenan, abin da yawancinmu muka sani kenan, ni kaina mai ciwon iyakar sanina kenan, mai suga ba ya shan suga. Ko dai tsohuwar ba ta gane maganar shi ba ko ta gane ta share, ta ce "kauce ɗana", ta tallafo kaina ta jingina ni da gwiwarta ta ɗiga mani kaɗan da ludayi, ta ga na haɗiye sannan ta ci gaba. Ba a fi kwata na awa ba duniya ta fara komawa guda ɗaya. Na ga fuskarta, na ga yaron durƙushe yana hawaye, ta dama mani fura na shanye tas kamar wanda ya shekara bai ci ba.

Da motar ta iso ma'aikacin jinya ya soki yatsana, 61, bayan duk abin da na sha. Ya ce wane magani kake sha, na faɗa. Bai ce mani komi ba, ya ƙara mani lemo ya je ya kwance lambar da ke gaban kekena, wannan shirun nashi ya fi mani zagi ciwo. Aka ɗora ni a a-kori-kura ni da keken. Tsohuwar an ce kuɗin furarta kawai ta karɓa ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce, ko godiya ban samu na yi mata ba. Yaron kuma tafiyar shi ta ƙare a nan tunda biyu-biyu ne, ya biyo ni asibiti ya kwana a benci, wata shida yana shirin tafiyar nan yana tara kuɗin taya daga abin da ake turo mishi na makaranta. Ya ce ya yafe amma har yau abin na cina.

Kwana ɗaya aka riƙe ni da ƙarin ruwa, saboda ƙaramar ƙwayar nan aikinta na daɗewa a jiki, suga kan iya sake faɗuwa bayan an ɗauka ya tashi. Wata likita ta jawo kujera ta yi mani karatun da na ƙi saurara a 2021. Ta ce metfomin ita kaɗai da wuya ta ka da suga ƙasa, amma ɗayar tana sa jiki ya yi ta fitar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Doguwar tafiya a keke kuma tana ƙone ajiyar sugan da ke hanta da tsoka, sannan ko ka sauka jiki na ci gaba da zuƙar suga daga jini har kwana guda yana mayar da abin da ya kashe, zufar daren Argungu kenan. Ni na haɗa uku, aiki mai nauyi, ƙin cin abinci, da cikakken magani. Ta ce duk sanda abin gwaji ya nuna ƙasa da 70, ko ka ji rawar jiki da zufa da yunwar nan babu abin gwaji kusa, sugan kwali ƙwaya 3 ko rabin kwalbar lemo mai suga ko babban cokali na zuma, a jira minti 15 a sake gwadawa, in bai tashi ba a ƙara, in ya tashi a bi shi da abinci. In kuwa mutum ya suma ba ya iya haɗiya to kar a ɗura mishi komi, shaƙewa zai yi, a kwantar da shi ta gefe a yi asibiti da shi da gaggawa. Ta ce tsohuwar nan da ta fara gwada ko kana haɗiya ta yi daidai.

Na ce to likita ni da keke shi kenan ko? Ta yi dariya ta nuna mani a wayarta wata ƙungiyar ƙwararrun 'yan tseren keke, Team Novo Nordisk, duk mahayanta masu ciwon suga ne, nau'in da sai da allurar insulin kullum ma. Ta ce "Malam da ka zo kafin tafiyar da mun daidaita maka maganin mun tsara maka abin da za ka riƙa ci a hanya, ka tafi abinka." Na rasa inda zan sa fuskata.

Labari ya riga ni isa gida. Duk abin da nake gudu ya auku rana ɗaya, majalisa ta ji, masu bina bashi sun ji, Inna ta ji. Ta zo ta zauna bakin gado ta daɗe sannan ta ce "da ka mutu can daji, mi za a ce mani ya kashe ka?" Mai ɗakina kuwa ba ta ce ai na gaya maka ba, ledar sugan nan dai na tarar tana nan kan taga inda na aje ta, ba ta ɗauke ba, kuma na san da gangan ne.

Masu dariya sun yi, har da mai cewa Alhaji ya koma gadon gida. Amma cikin sati biyu mutum uku 'yan majalisarmu suka zo dubiya ɗaya-ɗaya, kowa sai ya bari an watse ya rage murya ya ce ai ni ma ina da shi, ɗaya shekara biyar matar shi ma ba ta sani ba, kuma cikinsu babu wanda ya san suga na faɗuwa. Tunda asiri ya riga ya tonu sai na tara masu bina bashi na buɗe masu littafi, wani ya yafe rabi, wani ya kai ni gaban alƙali aka yanka mani abin da zan riƙa biya duk wata, har yanzu ban gama ba. Dogonyaron Baba an sare shi an gina shaguna, na samu wata inuwa gaba kaɗan na aje akwatin. Tun da mai ya yi tsada kekuna sun dawo gari, aiki bai yankewa. Masu shirya tafiya sun ce ba zan sake shiga ba sai da takardar likita kuma sai abokin tafiyata ya san komi, ban yi musu ba. Yanzu akwai kati a aljihuna da na rubuta da Hausa, ina da ciwon suga, in kun gan ni ina rawar jiki ko ina sambatu ku ba ni suga.

Bayan damina ta wuce na ce sai na koma na ga tsohuwar nan. Na sayi atamfa turmi ɗaya da kwalin suga da goro, muka ɗora kekuna a mota zuwa Argungu ni da babban ɗana mai shekara 14, yaron nan abokin tafiyata ya turo mana alamar wurin a taswirar waya. Tun a mota na koya wa ɗana yadda ake soka yatsa da abin da zai yi in ya ga na fara shirme. Muka bi hanyar har gangarar da na faɗi, na gane ta da wata aduwa. Ruga ta tashi. Sai turaku da busasshen kashin shanu da duwatsun murhu, wani mai gona ya ce tun kafin ruwa ya sauka suka kora dabbobinsu, bai san ina suka nufa ba.

Muka zauna ƙarƙashin aduwar. Ɗana ya ce Baba a gwada, aka gwada 78, ga sauran tafiya a gaba. Na kwance kwalin sugan da na kawo mata na jefa ƙwaya 3 a baki, na miƙa wa mai gonar goro, ɗana ya sa ido a waya yana ƙirga lokaci. Can ya ce "Baba minti 15 ta cika", ya kama yatsana da kanshi ya soka, 104. Na ci rabin burodi da ƙuli, muka hau muka nufi Gwandu, atamfar na ɗaure a kariyar keken shi.